ZUCIYAR ULU: HANNU YA NAƊA, BAKI YA RASA SUNA

Duk wanda ya saba shiga ɗakunan amare a Jimeta a 'yan shekarun nan, ko a Luggere ne ko Doubeli ko Jambutu, da wuya a ce idonsa bai taɓa sauka a kan wani ɗan abin ado da ake ratayawa a bango ko a jikin madubi ba. Abin bai fi tafin hannu girma ba. Kwali ne aka yanka cikin siffar nan da duniya ta amince ta kira zuciya, aka bi shi da zaren ulu, ja ko ruwan hoda, aka naɗe shi tsaf har kwalin ya ɓace. Wasu sukan maƙala masa tuntu a ƙasa, wasu su jera uku ko huɗu a igiya ɗaya. 'Yan mata ne suka fi yin sa, wasu don ɗakinsu, wasu don kyauta, wasu kuma don su sami na sabulu.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mujallar ɗaliban Hausa da wasan yara? Abin da ya haɗa su shi ne, ka tambayi mai yin wannan ado sunansa. Amsar da na fi ji ita ce "lob", ko kuma "hat". Ka tambaye ta sunan aikin da take yi, sai ta ce "dekoreshan". Ga abu a hannun 'yar Hausa, ta ƙware a kansa, amma bakinta ba shi da kalmar da zai kira shi da ita. A nawa ra'ayi, wannan ɗan ƙaramin ado ya cancanci mu karɓe shi hannu bibbiyu, domin shi ne ƙofa mafi arha ta komawa ga sana'ar zare, amma da sharaɗin mu ɗaliban harshe mu raka shi da kalmomi. In ba haka ba, sana'ar za ta rayu, harshenta ya mutu.

Yadda Ake Yin Sa

Bari in fara da bayanin aikin, kuma da Hausa zalla, domin a ga cewa harshen bai gaza ba.

Kayan aikin su ne kwali mai ɗan kauri, irin na katan ɗin taliya ko na sabulu, da almakashi, da dunƙulen ulu, da ɗan gam. Da farko akan ninka takarda biyu, a zana rabin zuciya a jikin ninkin, a yanke. Idan aka buɗe sai ga zuciya cikakkiya, ɓangaren dama daidai da na hagu. Sai a ɗora ta a kan kwali a bi gefenta da fensir, a yanke kwalin. Masu dabara sukan yi wa bakin kwalin 'yan tsage-tsage ƙanana a kewaye, domin zaren ya sami wurin kamawa, kada ya riƙa zamewa.

Daga nan sai a manna bakin zaren a bayan kwalin, a soma naɗi. Ba a bin hanya ɗaya. Akan ja zaren daga kafaɗar dama zuwa gefen hagu, a dawo ta kwarmin da ke sama a gangara zuwa tsinin da ke ƙasa, a sake gittawa, ana yi ana juya kwalin a hannu. Wurare biyu ne suke ba sabon shiga wuya, wato kafaɗun nan biyu masu lanƙwasa da kuma tsinin, saboda nan ne zare ya fi sulɓewa. Idan an ja da ƙarfi kwalin ya tanƙware, idan an sassauta naɗin ya kwance. Sai an sami tsaka-tsaki, kuma hannu ne kaɗai yake koya wa mutum wannan. Idan kwalin ya rufu, sai a yanke zaren a cusa bakinsa a ƙarƙashin naɗin a ƙulle, a yi masa maratayi. Wasu sukan bar kwali su lanƙwasa waya, su naɗe ta, sai tsakiyar ta zauna kamar raga.

Shi ke nan fa. Yarinya 'yar shekara 7 za ta iya, kuɗin kayan kuma bai taka kara ya karya ba. Sannan mai karatu ya lura, a duk bayanin nan babu inda na rasa kalma. Naɗi, gitta, ƙulli, tuntu, maratayi, duk namu ne. Waɗanda muka aro ma, irin su ulu da gam da waya daga Ingilishi, da almakashi daga Larabci, sun riga sun sha ruwan Hausa har ba a jin baƙuncinsu.

Daga Ina Siffar Ta Zo?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya san cewa zuciya ta gaskiya ba haka take ba. Wannan siffa mai kafaɗu biyu da tsini ɗaya Turai ce ta haife ta. Masana tarihin zane sukan kai farkon amfani da hoton zuciya a matsayin alamar soyayya ga wani rubutun hannu na Faransa na ƙarni na 13, inda aka zana masoyi yana miƙa zuciyarsa ga masoyiyarsa. A hankali siffar ta daidaita, har zuwa ƙarshen ƙarni na 15 da ta hau kan karta a Faransa. A 1977 wani mai zane, Milton Glaser, ya sa ta a madadin kalmar so a tambarin tallar Niyok ta Amurka. A 1999 tana cikin 'yan hotunan saƙon waya da Shigetaka Kurita ya tsara a Japan, waɗanda jikokinsu ne muke aika wa juna yau a WhatsApp. Abin da zai fi jan hankalin ɗalibin harshe shi ne, a 2011 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmar zuciya ta Ingilishi a matsayin aikatau mai ma'anar so, duk a dalilin wannan hoto. Wato zane ya shiga harshe ya sauya masa nahawu.

Mu kuma ta ƙofofi da dama ta shigo mana: ta karta, ta rigunan filo da zannuwan gado da mata suke yi wa ado da zare, ta bangon littattafan soyayya da suka yawaita tun daga shekarun 1980, ta finafinai, sannan ta wayar hannu. Yanzu ta zama 'yar gida, babu mai korar ta.

Zuciyar Bahaushe Ta Fi Hoton Faɗi

A nan ne nake so 'yan'uwana ɗalibai su tsaya su yi nazari. Hoton nan abu ɗaya yake faɗa, wato so. Ita kuwa kalmar zuciya a Hausa kaya ne da ita niƙi-niƙi. Idan aka ce wane ya yi zuciya, fushi ya yi, ko kuma ya ɗaure ya tashi tsaye don kada a raina shi. Idan aka ce zuciyarsa ta mutu, ya zama cima-zaune. Son zuciya ba soyayya ba ce, haɗama ce. Akwai wadatar zuci, akwai ajiyar zuciya, akwai ƙarfin zuciya da karayar zuciya, akwai yin abu da zuciya ɗaya. Murna da ɓacin rai kuwa Bahaushe a ciki ya ajiye su, shi ya sa ya ce farin ciki da baƙin ciki. Idan zai kwatanta mutum biyu da suka shaƙu sai ya ce hanta da jini, in kuma sun dace da juna ya ce jininsu ya haɗu.

Ba ina cewa Bahaushe bai san zuciya tana so ba. Ya sani sarai, mawaƙansa ma sun daɗe suna faɗa. Abin da nake nunawa shi ne, so ɗaki ɗaya ne a cikin babban gida. Yaron da ya tashi yana ganin jan hoton nan sau ɗari a rana a wayarsa, yana kuma jin ana ce masa "lob", a hankali sauran ɗakunan za su rufe masa.

Wani abin sha'awa kuma, tun kafin a kawo mana kwali da ulu, Hausa ta riga ta ɗaura zuciya da zare. Mutum ya zauna shiru yana tunani, sai mu ce yana saƙar zuci. Ya rasa matsaya, mu ce yana saƙa da warwara. Ya riƙe wani a rai, mu ce ya ƙullace shi. Muna ƙulla zumunci, muna warware matsala, muna neman bakin zaren magana, muna kuka da mai saƙa da mugun zare. Ko 'yan zamani da suka ga saurayi da budurwa ba su dace ba, cewa suke yi zaren ba kalar yadin ba ne. Ashe yarinyar da take naɗa ulu a kan zuciyar kwali, salon maganar kakanninta ne take aikatawa da hannu ba tare da ta sani ba. Wa zai sanar da ita in ba mu ba?

Zare A Ƙasar Adamawa

Jimeta ba baƙuwar zare ba ce. Lokacin da Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Yola a 1851, zamanin Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama, ya tarar da cewa a kasuwannin Fombina da sawayen saƙa na auduga ake ciniki, waɗanda Fulani suke kira leppi. Wato a wannan ƙasa an yi zamanin da zare shi ne kuɗi. Matar da ta iya kaɗi tana da abin da za ta shiga kasuwa da shi.

Kowane mataki na wannan aiki yana da sunansa. A gurje auduga a fitar da angurya, a shiɓe ta da baka, a ɗauko mazari mai gululu a gindinsa, a kafa shi a taskira, a shafa alli a yatsu, a kaɗa. Zare mai kauri shi ne abawa. Masaƙi ya yi wadari, ya ɗura zare a kwarkwaro, ya sa a ƙoshiya. Mace mai saƙar tsaye ta buga da akwasha. A fitar da gwado da luru da saƙi. Ina roƙon mai karatu ya ƙirga, a cikin waɗannan kalmomi guda nawa ya taɓa ganin abin da suke nufi da idonsa? Har gobe muna cewa jikinsa yana rawa kamar mazari, ko wance tana ta wadari a tsakar gida, alhali da yawanmu ba mu taɓa ganin mazari yana juyawa ba. Kalmomin suna nan kwance a ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006, haka ma na Fulfulde irin su hottollo da gaaraaji, wato auduga da zare, a harshen da F. W. Taylor ya yi wa ƙamus a 1932. Sai dai kalmar da ta koma zaman ƙamus kaɗai ta kama hanyar kushewa.

Abin da ya kashe kaɗi sananne ne. Yadin kanti ya zo da arha, sannan masaƙun zamani suka biyo baya, irin masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957. Su ma ba su tsira ba, domin waccan masaƙa ta rufe a 2002, wasu da dama suka bi ta. Ulun da muke saye a babbar kasuwar Jimeta yau, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, ba kuma auduga ba, zare ne na roba da injin ya sarrafa. Ke nan zaren ya sauya, hannun da yake riƙe shi ne bai sauya ba.

Shi kansa naɗin ma ba sabo ba ne a wurinmu. Dubi faifai, wanda Fulani suke kira mbeɗu. Ai naɗa rinanniyar kaba ake yi a kan ciyawa ana ɗinkewa, ana zagayawa har ya zama fai-fai ɗin da ake jerawa a bangon amarya. Yanzu har da ulu da zaren buhu ake yin sa. Zuciyar ulu ƙanwar faifai ce, bango ɗaya ma suke hawa.

Masu Suka

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan raina hujjojinsu ba.

Na farko su ne masu cewa wannan shirme ne, ba sana'a ba. Gaskiya ne babu wanda zai gina gida da kuɗin zuciyar kwali. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da ta koyi daidaita jan zare, da haɗa launi, da haƙurin gama abin da ta fara, gobe ita ce za ta riƙe kwarashi ta saƙa kayan sanyin jarirai, ta kama allura ta ɗinka hula. Mutanen Jimeta sun ga amfanin wannan da idonsu. A 2014, da 'yan Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta ba tare da komai ba sai tufafin jikinsu, kuma mata da yawa daga cikinsu da ɗinkin hula da saƙa suka rufa wa kansu asiri. Haka nan Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola ta taɓa shirya koya wa mata yadda za su yanka ledar da aka yar su mai da ita zare, su saƙa jakunkuna na sayarwa. Sana'ar hannu ita ce dukiyar da ake gudu da ita ba a ɗauke ta a ka ba.

Na biyu su ne masu cewa alamar baƙuwa ce, kuma tana tafe da al'adar ranar masoya ta 14 ga Fabrairu, wadda iyaye da malamai da yawa ba su yarda da ita ba. Ina ganin damuwarsu. Sai dai abin da ya rataya a ɗakin matar aure, ko wanda ɗiya ta naɗa wa mahaifiyarta, ba shi da alaƙa da waccan rana. Kuma hana siffar ba zai yiwu ba, tunda tana cikin kowace waya. Abin da zai yiwu shi ne a ba ta ma'anar gida, a kuma sama mata abokan zama. Hannun da ya naɗa zuciya zai iya naɗa jinjirin wata da tauraro, ko allo, ko ƙwarya, ko kan saniya mai ƙaho. Mai waya da haƙuri zai iya fitar da dagi.

Na uku su ne 'yan'uwanmu masu nazarin harshe da suke cewa aro halin kowane harshe ne, a bar "lob" ta zauna kamar yadda ulu ta zauna. Ai kuwa ban ƙi aro ba. Allura da alharini daga Larabci muka same su, kwarashi daga Turawa, kuma babu wanda ya ce a kore su. Bambancin shi ne, waɗannan sun shigo ne suka cike gurbin da babu kowa. Ita kuwa "lob" ta tarar da so da ƙauna da bege a zaune, "hat" ta tarar da zuciya, "dekoreshan" ta tarar da ado da ƙawa da kwalliya. Baƙon da ya sami ɗaki a buɗe ya shiga daban yake da wanda ya fitar da mai gida waje.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Masu sana'ar zare na da ba su taɓa barin abu babu suna ba. Aikin babbar riga yana da aska biyu da aska takwas da tambari. Hula tana da Zanna Bukar da damanga da kube da haɓar kada, har da mu-haɗu-a-banki. Ba wani kwamiti ne ya zauna ya raɗa waɗannan ba, daga bakin masu yi da masu saye suka fito, shi ya sa suka kama. Saboda haka ba na kira da mu zauna a aji mu ƙera suna mu ɗora wa mutane. Ni dai zuciyar ulu nake ce mata, wani yana iya cewa naɗin zuciya, mai son raha ya ce saƙar zuci. Wanda kasuwa ta ɗauka shi ne suna.

Aikinmu na farko shi ne sauraro. Duk shekara muna rubuta kundaye a kan jigo da salo a waƙoƙin da aka riga aka yi wa kundi goma, alhali ga fili nan fetal babu mai noma. Ɗalibi ɗaya ya zauna da masu sayar da ulu a kasuwar Jimeta ya rubuta sunayen da suke ba launuka da nau'o'in zare. Wata ta shiga gidajen da ake koyar da saƙa ta ji da wane harshe ake koyarwa, waɗanne kalmomi ne na Hausa, waɗanne ne na Fulfulde, waɗanne ne na Ingilishi. Wani ya nemi tsofaffin da suka yi kaɗi da hannunsu, a cikin Yola ko Girei ko Fufore, ya ɗauki muryarsu tun suna raye. Jimeta gari ne da Hausa take gogayya da Fulfulde da Bata da Bachama da Kilba da Margi da Chamba da wasunsu a kasuwa ɗaya, don haka abin da za a samo a nan ba za a same shi a Kano ko Katsina ba.

Na biyu, ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa tana iya fitar da 'yar takarda mai shafi biyu ko uku, da Hausa da Fulfulde, mai bayanin yadda ake wannan naɗi da hotuna, a raba wa makarantun firamare da na Islamiyya da wuraren koyon sana'a. A ƙarshenta a jera tsofaffin kalmomin kaɗi da saƙa tare da hoton kowanne. Malamar da ta sami bayani a shirye da harshen da ɗalibanta suke ji, da shi za ta koyar. Masu ɗora bidiyon koyar da sana'a a intanet da Hausa su ma a kai musu, domin a yau bakinsu ya fi na malamin aji nisa.

Na uku, a Makon Hausa, kusa da teburin littattafai da na abincin gargajiya, a ajiye tabarma guda. A gayyato tsohuwa da mazarinta, a zaunar da yarinya da kwalinta da ulunta a gefenta, kowace ta koya wa 'yar'uwarta, mu kuma mu zauna da alƙalami.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da kada mu ɗauka cewa kare harshe sai a zauren taro da manyan baƙi. Harshe yana rayuwa ne a inda hannu yake aiki baki yana faɗar abin da ake yi. Mazari ya tafi da kalmominsa muna kallo, domin a lokacin ba mu da masu rubutawa da yawa. Yanzu kuwa ga mu nan, aji-aji, kowace shekara ana yaye mu. Idan wannan sabuwar sana'a ta girma a gabanmu ba tare da sunan Hausa ba, ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi. Allah Ya sa albarka a hannun masu yi, Ya kuma ba mu ikon sauke namu nauyin, amin.